Gyaran da Ba a Sa Ni Ba

Na manta ranar da na fara aiki a masaƙa, na taɓa manta lambar wayar matata a gaban ƙaninta, amma ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Asabar a Challawa ba, ranar da na riƙe makirfo da hannuna na zagi mamaci a gaban mahaifiyarsa. Shekara uku ke nan, kuma har yau idan abin ya faɗo mini a rai ina cikin cin abinci, sai in ture kwanon tuwon gefe.

Ni asalina ma'aikacin lantarki ne a wata masaƙa a Bompai. Da aka rufe ta aka sallame mu, sai na kama ɗan shago a Sharada, a layin da ke bayan wani kamfanin robobi, na koma gyaran sifika da amfilifaya. Masu kiɗan biki, masu wa'azi, 'yan coci daga Sabon Gari da manyan akwatunan bes ɗinsu masu kaurin sauti, duk suna kawo mini aiki. Nakan karɓi tsohon akwatin sifika da ya sha duniya, in kwance shi, in sake katakon da ya ruɓe, in naɗa koyil ko in sa sabuwar sifika, in lulluɓe shi da baƙin kafet, ya fito fes har mai shi ya kasa gane kayansa. Kuma na iya aikin, wannan ba yabon kai ba ne. Inda matsalar take shi ne na san na iya. Mutanen layi suna ce mini Injiniya (ban taɓa taka ƙofar jami'a ba, amma ban taɓa hana kowa faɗa ba).

Abu ɗaya na tsana a duniya, shi ne sifika mai karkarwa, mai yin zirrr a bayan sauti. Idan na ji ta a masallaci, to hankalina ya bar liman ya koma kan bango har a sallame (Allah Ya yafe mini). A wurina duk wata karkarwa cuta ce, ni kuma likita ne.

Wata safiya adaidaita sahu ya tsaya a ƙofar shagona, wani dogon dattijo mai rawani ya sauko, ya rungumo wani akwati da kansa, bai yarda direba ya taɓa ba. Malam Agali ke nan, Buzu ne mutumin Agadas, maigadi a wani kamfanin jimar fata a Challawa. Na san shi sama-sama, yana kaɗa jita a bukukuwan 'yan'uwansa mutanen Nijar. Ya dire akwatin a hankali a kan tebur. Ƙaramin akwatin sifikar jita ne, an lulluɓe shi da jar fata wadda ta koɗe ta yi baƙi a kusurwoyi, igiyar raƙumi ce mariƙinsa.

Bayan mun gaisa ya ce, "Injiniya, ramin da ake soka wayar jita ne ya saki. Da na motsa sai sauti ya ɗauke. Shi kaɗai za ka gyara mini."

Ya ce akwatin na yayansa ne, Musa, wanda ya rasu shekaru da yawa. Musa ya bar 'ya, Fatimata, shi Malam Agali ya riƙe ta tun tana ƙarama, yanzu ta gama karatun jinya, kwana goma ya rage a yi bikinta. Har mahaifiyarsu, shi da Musa, ta taso daga Agadas saboda bikin, duk da tsufa da ciwon ido.

"Yarinyar ta ce ba ta son mai kiɗan zamani," in ji shi. "Akwatin babanta take so ta ji ranar."

Na ce Allah Ya ji ƙan Musa, na jona amfilifaya, na ɗauko tsohuwar jitar da nake gwaji da ita, na kaɗa. Subhanallahi! Sauti ya fito, amma a bayansa akwai zirrr, akwai caka-caka, sai ka ce an zuba tsakuwa a gwangwani. Na yamutsa fuska.

"Malam, ai wannan ba rami kaɗai ba ne. Ba ku ji yadda yake kuka ba?"

Ya yi murmushi a cikin rawaninsa. "Haka yake."

"Ai na san haka yake, shi ya sa nake cewa..."

"Ramin kaɗai, Injiniya. Don Allah."

Ya faɗa mini sau uku. Na ƙirga daga baya, a cikin darare da yawa. Amma a lokacin, yana juya baya na fassara maganarsa yadda ta yi mini daɗi. Na ce a raina, bawan Allah maigadi ne, ga hidimar biki a kansa, tsoron tsadar aiki yake yi, shi ya sa yake ta cewa rami, rami. To ni zan ba shi mamaki, in mayar masa da akwatin nan sabo dal, kyauta, gudummawata ta biki. Har wani tausayin kaina ya kama ni saboda kirkina. (Tunda faɗar gaskiya na zo yi, bari in ƙarasa: na kuma hango duk bukukuwan mutanen Nijar daga Challawa har Panshekara, na hango akwatunansu suna layi a ƙofar shagona.)

Ramin bai ci mini minti goma ba, ɗigon dalma biyu ne. Da a nan na tsaya, da yau ba ni da labarin da zan ba ku. Sai na ɗauki sukudireba na kwance ragar gaba.

Abin da na gani a ciki ya sa na yi salati. Takardar sifikar an tsaga ta a wuri uku, tsaga miƙaƙƙiya, an liƙe gefen da ƙyalle da ƙaro. A bayan raga an kafa wani fallen gwangwanin shayi da ƙusa ɗaya, an huda gefensa an rataya ƙananan zobba na waya, ga marafen kwalba guda biyar suna reto. A jikin katakon ciki kuma an yi zane-zane da tsinin wuƙa, ɗigo-ɗigo da da'ira da 'yan layuka, na ɗauka wasan yara ne. Na ƙwala wa maƙwabcina kira ya zo ya taya ni dariya.

Maƙwabcin nawa Malam Sani ne, kafinta, shi ke yanka mini katako. Dattijo ne ɗan asalin Sharada tun kafin kamfanoni su cinye gonakinsu, ba ya da yawan magana. Ya leƙa cikin akwatin, ya sa yatsa ya taɓa zobban suka yi ƙara. Bai yi dariya ba.

"Injiniya, wannan fa ba lalacewa ba ce. Sa shi aka yi."

"Na ga sa shi aka yi, Malam. Wani ɗan koyo ne ya samu akwatin mutane yana gwaji."

"Mahaifina ya yi garaya," in ji shi. "Irin ƙarfen nan mai zobba yake maƙala mata a ka. In babu shi, sai ya ce garayar tsirara take. Ka dubi tsagar nan ma, reza ce, ba ɓera ba. Mai kayan me ya ce ka yi masa?"

"Rami."

"To ka yi masa rami mana."

Na yi masa bayani, cikin haƙuri irin na mai ilimi, cewa garaya daban, kimiyya daban. Na ambaci sunayen abubuwa biyu ko uku da Turanci don in rufe masa baki. Ya dube ni, ya ce Allah Ya ba da sa'a, ya koma bakin zartonsa.

Kwana huɗu na yi a kan akwatin nan, na ajiye aikin mutane. Na ɓare jar fatar na jefa a kwandon shara. Na tumɓuke gwangwanin da marafensa. Na goge cikin katakon da sanfefa har zanen ya ɓace, na shafa baƙin fenti, na liƙa soso. Na ciro wata sifika mai kyau da nake ta ɓoyo, wadda na samu a akwatin wani mawaƙi, na ɗaura. Na sa baƙin kafet, kusurwoyin ƙarfe masu ƙyalli, sabon mariƙi na roba. Tsohuwar sifikar kuwa, wani ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo wucewa da kurarsa, na miƙa masa ita, har ina ce masa ya raba ni da ƙazanta. Daga ƙarshe na manna takardar shagona a gaba, mai sunana da lambar wayata, da manyan baƙaƙe.

Na jona na kaɗa. Sauti tas, babu ko ɗigon karkarwa. Wallahi har ƙwalla ta taru mini don daɗi.

Malam Agali ya kira ni sau biyu yana so ya zo ya ɗauka. Na ce kada ya wahalar da kansa, ga aikin gadi ga hidima, ni zan kawo masa har wurin biki. Ya ce, "Lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, har da ƙari. Ban so ya gani kafin ranar ba, don kada mamakin ya huce.

Ranar Asabar na sa farar shaddata ta Sallah, na cika aljihu da katunan shago, na naɗe akwatin da zanen gadon matata (ba ta sani ba), na hau adaidaita sahu. A wani fili ake taron, bayan gidajen ma'aikata, inda iska ke kawo warin jima in ta juyo. An yi la'asar, an shimfiɗa tabarmi da darduma, maza da rawuna a gefe guda ana ta dafa shayi a kan gawayi, mata a ɗaya gefen sun kewaye amarya. A gaban matan, kusa da inda za a yi kiɗa, an zaunar da wata tsohuwa ƙarama a kan katifa, idanunta sun yi fari. Ita ce mahaifiyar Musa da Malam Agali.

Mai hankali zai miƙa kaya ya nemi wuri ya zauna. Ni kuwa sai na nemi mai gabatarwa na ce ya ba ni makirfo, ina da 'yar magana. Ya dubi shaddata, ya ɗauka wani babba ne daga kamfani, ya ba ni. Na yi sallama, na gabatar da kaina da shagona da layin da yake, na ce na zo da wata 'yar kyauta ga amarya. Sannan na kama zanen gado na fizge, yadda na ga ana buɗe sabon gini a talabijin.

Na tsaya ina jiran tafi. Janareta kawai nake ji.

Malam Agali ya matso, jita a rataye a kafaɗarsa. Ya dubi akwatin, ya dube ni, ya ce a hankali, "Injiniya, ka yi kuskure, ka ɗauko na wani."

"Naku ne, Malam!" Na faɗa a cikin makirfo, ina washe baki. "Ku jona ku ji."

Ya durƙusa, ya shafa kafet ɗin da tafin hannu. Ya soka waya. Ya kaɗa wani take mai sanyi, wanda daga baya na ji cewa na Musa ne, kowa a wurin ya san shi. Sautin ya fito tsaf, har ƙarshen fili ana ji. Na juya ina kallon jama'a ina gyaɗa kai. Matan da suka ɗaga hannu za su fara tafi suka tsaya da hannuwa a sama. Sai tsohuwar ta karkato kunne, ta saurara, ta saurara, sannan ta ɗaga murya.

"Agali, ina akwatin Musa? Ka bar wannan rediyon, ka kawo na ɗana."

Ko a nan da na yi shiru, da da sauƙi. Amma na ɗauka tsohuwa ba ta fahimci irin alherin da aka yi musu ba ne, kuma ga makirfo a hannuna. Na matsa kusa da ita, na rusuna, na ce (kuma kowane harafi ya fita ta lasifika har bakin titi):

"Inna, shi ne wannan, gyara shi na yi. Da can wani bagidaje ne da bai san aikinsa ba ya lalata muku shi. Ya tsattsaga sifika da reza, ya cusa gwangwani da marafen kwalba, ya yi ta zane-zanen shirme a ciki. Duk na kwashe tarkacen na zubar. Irin waɗannan mutanen bai kamata a bar su suna taɓa kayan sauti ba."

Har na ɗan yi dariya a ƙarshe, don a taya ni.

Babu wanda ya taya ni. Wani dattijo da ke zuba shayi daga sama ya tsaya, buta a hannu. Daga cikin mata na ji wata ta ja numfashi, sai amarya ta miƙe, ta rufe fuska da mayafi, ta yi cikin gida da sauri, ƙawayenta suka bi ta. Malam Agali ya taso, ya zare makirfon daga hannuna a hankali, ya kashe shi. Bai ɗaga murya ba.

"Musa ne ya sa su, Injiniya. Da hannunsa. Shekara biyu yana gwadawa kafin ya samu muryar da yake so." Ya ɗan tsaya. "Zanen kuma rubutunmu ne na Buzaye. Sunan Fatimata ne, ya rubuta ranar da aka haife ta. Yau na yi niyyar buɗewa in nuna mata."

Na buɗe baki, ban san me zan ce ba, abin da ya fito shi ne, "Amma ramin na gyara." Allah Shi ne shaida, haka na ce.

Tsohuwar ta miƙo hannu, aka matso mata da akwatin. Ta lalube shi sama da ƙasa, tana neman ɗinkin fatar. Ashe ita ta ɗinka ta, ita ta rina. Yatsunta suka tsaya a kan takardar shagona, ta ɗan kankare gefenta da farce, ta janye hannu ta mayar cikin mayafi.

Na so a zage ni. Da wani saurayi ya ci kwalata ya yaga shaddar, da na samu abin riƙewa, in koma gida ina cewa mutanen nan ba su san alheri ba. Maimakon haka sai Malam Agali ya kama hannuna ya kai ni kan darduma cikin dattawa, ya ce, "Zauna ka sha shayi, baƙonmu ne kai." Wanda ya san shayin Buzaye ya san ba kofi ɗaya ba ne, zagaye uku ne, kuma ba a gaggawa, ba a tashi a tsakiya. Haka na zauna fiye da awa guda, katunan shago suna soka na a cinya, kowa yana yi mini sannu da ladabi, babu mai haɗa ido da ni. Malam Agali ya koma ya yi kiɗan, don biki ba ya tsayawa. Ya kaɗa da kyau, sauti na fita tas ta sifikata mai tsada, aka ɗan taka rawa sama-sama. Amarya ba ta sake fitowa ba sai da aka kashe jita.

Na manta zanen gadon a can. Da matata ta tambaya na ba ta labari duka, ta daɗe tana kallona, ta ce, "Sau nawa ya ce maka rami?" Na ce uku. Ta ce to ita ba za ta ƙara na huɗu ba.

Washegari na fara neman ɗan gwangwan ɗin nan. Ban san sunansa ba, ban riƙe fuskarsa ba, don ban ɗauke shi mutumin da zan sake nema ba. Na bi masu tara ƙarafa na Sharada, aka tura ni Dakata. Kwana uku ina yawo tsakanin tireloli da tsibin ƙarfe ina tambayar tsohuwar sifika mai tsaga uku. Wani mai awo ya tausaya mini ya ce, "Alhaji, sifika in ta zo nan, a ranar ake fasa ta a cire maganaɗisu da jan ƙarfe. Takardar kuwa, wuta ake sa mata." Fatar kuwa masu kwasar shara sun tafi da ita tun tuni. Rubutun da hannuna na goge shi, babu inda zan je nema.

Da na dawo shago na zauna na yi tagumi, sai Malam Sani ya shigo, ya ajiye wani abu a naɗe cikin takardar siminti a kan teburina. Fallen gwangwanin ne, da zobbansa da marafen kwalba biyar. Ya tsince shi a kwandon sharata tun ranar farko. Bai ce ai na faɗa maka ba, ya dai ce, "Kai wa mai shi," ya fita.

Na sami Malam Agali a bakin ƙofar kamfaninsu, yana zaune a benci. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na miƙa masa. Ya warware takardar, ya girgiza gwangwanin kusa da kunnensa. Na ce idan ya yarda zan mayar da shi a akwatin, in tsaga sabuwar sifikar da reza a wuri uku, in nemo jar fata. Ya girgiza kai.

"Ka san inda ya tsaga?"

Ban sani ba. Na riƙe sifikar nan a hannuna, na yi mata dariya, amma ban kalle ta ba.

"To bar shi," in ji shi. "Akwatinka yana da kyau, Injiniya, kowa ya ce yana da ƙarfi. Wannan kuma Fatimata zan kai wa." Ya sa gwangwanin a aljihun ƙirjinsa. Sannan ya tambaye ni lafiyar iyali, ya ce ya yafe, kuma na san da gaske yake. Ni ne dai ban gama da kaina ba.

Har yanzu ina Sharada, ina gyaran akwatuna, ana ce mini Injiniya (yanzu nakan ɗan sunkuyar da kai). Babu akwatin mutumin Nijar ko ɗaya da ya taɓa zuwa shagona, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai duk wanda ya kawo mini aiki, kafin in ɗauki sukudireba nakan jona in kaɗa a gabansa, in ce ya nuna mini wace ƙara ce cuta, wace ce tasa. Wasu suna yi mini kallon mai taɓin hankali. Idan kuwa mutum ya ce rami kaɗai zan gyara, to ko ƙadangare na tarar ya yi gida a cikin akwatin, sai in gaishe shi, in ɗiga dalmata biyu, in mayar da murfi in rufe.